Tudun Legon: Jami'ar da Kuɗin Koko Ya Gina

Wanda ya tashi daga tsakiyar Akara, babban birnin ƙasar Gana, ya bi hanyar da ta nufi duwatsun Aburi, in ya yi tafiyar kamar kilomita 13 zai ga wata babbar ƙofa a hannunsa na hagu. Daga ƙofar nan titi ya miƙe sak, yana hawan tudu sannu sannu, da itatuwa dama da hagu. Gine-ginen da ke bakin titin farare ne, rufinsu na jan tayil, a can ƙwanƙolin tudun kuma ga wata doguwar hasumiya. Wannan wuri shi ne Legon, mazaunin Jami'ar Gana, wadda ta girmi sauran jami'o'in ƙasar duka. Sunan daga harshen Ga ne, wato harshen 'yan asalin Akara, mutane kuwa sun saba fassara shi da "tudun ilimi".

Cikin gidajen kwanan ɗalibai da ke bakin titin nan akwai wani mai suna Akuafo. A tambarinsa an zana itacen koko, da buɗaɗɗen littafi, da ganga. Ba kokon gero da ake sha da ƙosai da safe ake nufi ba, a'a, itacen nan ne na kurmi wanda Turawa ke yin cakulan da 'ya'yansa. Akuafo kuwa a harshen Akan ma'anarsa manoma. An sa wa gidan wannan suna don tunawa da waɗanda guminsu ya kafa jami'ar. Duk wanda ya bi tarihin zaman ɗalibai a Legon daga farko zai tarar yawancinsa magana ce a kan abu biyu, gado da kwanon abinci: wa zai samu, wa kuma zai biya.

A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnatin Ingila ta kafa kwamiti ƙarƙashin Walter Elliot don ya duba maganar ilimi mai zurfi a ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Akwai 'yan Afirka uku a ciki: K. A. Korsah daga Gwalkwas, yadda ake kiran Gana a lokacin, da Rabaran I. O. Ransome-Kuti daga Nijeriya, da Dokta Taylor-Cummings daga Saliyo. Da suka ba da rahoto a 1945, sai kansu ya rabu biyu. Masu rinjaye suka ce a yi kwaleji a Ibadan, a yi wata a Gwalkwas, a kuma gyara tsohuwar kwalejin Fourah Bay ta Saliyo. 'Yan kaɗan suka ce ba isassun ɗalibai ko malamai da za a raba uku, a yi ɗaya tak a Ibadan kowa ya je can. Mahukunta a Landan suka karɓi shawarar 'yan kaɗan ɗin.

Mutanen Gwalkwas suka ce ba su san wannan ba. Suna da makarantar Achimota tun 1927, wadda ta riga ta fara koyar da waɗansu darussan matakin jami'a, ƙasarsu kuma ita ce ta fi kowace ƙasa a duniya noman koko. Don me 'ya'yansu za su ƙetare zuwa Ibadan? Lauya Dokta J. B. Danquah ya tsaya kan gaba wajen wannan jayayya. Fasto Christian Baëta na Ikkilisiyar Firesbiteriya ta ƙasar Ewe, wanda ke cikin Majalisar Dokoki a lokacin, shi ma yana cikin waɗanda suka yi ƙoƙari ƙwarai, daga baya kuma ya koyar da ilimin addini a kwalejin sama da shekara 20. Gwamna ya kafa wani kwamiti na cikin gida, kwamitin ya ce a yi kwalejin. Landan ta yarda, amma da sharaɗin ƙasar ta ɗauki nauyin abinta. Ran 11 ga Agusta 1948 aka kafa Kwalejin Jami'a ta Gwalkwas bisa doka. A watan Oktoba aka fara karatu a wani sashe na gine-ginen Achimota, da ɗaliban da ba su wuce ɗari ba.

Ana yawan cewa manoma sun ba da kyauta. Gaskiya ne kuɗinsu ne, amma ya kamata a san yadda kuɗin ya fito. Tun 1947 akwai Hukumar Cinikin Koko, ita kaɗai ke saye daga hannun manomi ta sayar a waje. Ita ke yanka farashi, farashin kuwa yakan zama ƙasa da na kasuwar duniya, rarar sai ta taru a asusun hukumar. Daga irin wannan rara aka ɗebo babban rabo na kuɗin ginin Legon. Shugabannin manoma sun goyi baya, ba a musu, amma mai 'yar gona a ƙauyen Ashanti ba wanda ya zo ya tambaye shi. Balle 'yan ƙodagon da ke sassabe da fasa koko a gonakin, waɗanda da yawansu daga arewa suke zuwa, daga yankin Tamale da Bolgatanga, da ƙasar Mosi, har da ƙasashen Zabarma da Hausa. A arewacin Gwalkwas ɗin nan kuwa sai a 1951 gwamnati ta buɗe sakandarenta ta farko, a Tamale. Wato an shekara uku da kafa kwalejin jami'a a kudu kafin yaron arewa ya sami sakandaren gwamnati a yankinsa.

Shugaban kwalejin na farko shi ne David Balme, Bature masanin Girkanci da Latin daga Jami'ar Kambirij, wanda ya tuƙa jirgin yaƙi a lokacin yaƙin duniya. Abin da ya sa a gaba shi ne kada wani ya taɓa cewa digirin Gwalkwas bai kai na Ingila ba. Don haka aka ɗaure kwalejin da Jami'ar Landan: ita ke amincewa da manhaja da jarrabawa, ita ke ba da digiri. Wajen zaman ɗalibai kuwa Oksfod da Kambirij aka kwaikwaya. A ganin Balme da abokan aikinsa, ilimi ba a aji kaɗai ake samunsa ba. Sai ɗalibi ya kwana, ya ci, ya yi sujada, ya yi muhawara a gida ɗaya da malamansa. Masu zanen da aka ba aikin, Harrison da Barnes da Hubbard, su ne suka zana wata kwaleji a Oksfod, suka kuwa shirya kowane gida da tsakar gidansa, da zauren cin abinci, da ɗakin karatu, da ɗakin sujada, da ɗakin hutun malamai.

Gidan Legon ne aka fara gamawa, ɗalibai suka shiga a 1952. Takensa kalmomi biyu ne na Latin da aka ɗauko daga Luka 12:48, inda ake maganar alhakin da ke wuyan wanda aka danƙa wa abu mai yawa. Akuafo ya karɓi ɗalibai a 1955. Sa'an nan na uku, wanda ke tsaye a ƙarshen titi da dogayen matakala a gabansa, aka sa masa suna Commonwealth a 1957, shekarar da ƙasar ta sami mulkin kai ta zama Gana. Mata sun sami nasu gidan, Volta, wajen 1960. Takensu rabin wani karin magana ne na Akan mai cewa kaza ma ta san wayewar gari. Ɗaya rabin, wanda ya ce amma takan bar wa zakara cara, sai suka bar shi a waje. Na biyar shi ne Mensah Sarbah, mai sunan wani lauya ɗan kishin ƙasa na Cape Coast, an buɗe shi a 1963, shi ne kuma na farko da ya haɗa maza da mata.

Zaman da ɗaliban farko suka yi a gidajen nan, ɗalibin yau in ya ji sai ya ce tatsuniya ce. Kowa da ɗakinsa shi kaɗai. Akwai ma'aikata masu shara da gyaran ɗaki, ana ba da abinci sau uku a rana, ana kuma yi wa ɗalibi wanki. A daren cin abinci na musamman sai kowa ya sa doguwar rigar jami'a, malamai su zauna a babban tebur da aka ɗaga sama kaɗan, a yi addu'a kafin a fara. Ɗalibi ba ya biyan ko kwabo, har ma ana ba shi kuɗin littattafai da na aljihu. Yaron da ya taso daga gidan da ake cin fufu da hannu a kwano ɗaya, sai ga shi yana koyon wace wuƙa ce ta kifi. Ba abin dariya kaɗai ba ne. Daga gidajen nan aka sami alƙalai, da manyan sakatarori, da jakadu, da malaman da suka riƙe ƙasar bayan tafiyar Turawa, ingancin karatunsu kuma ba wanda ya yi shakkarsa. Amma tsari ne da aka yanka daidai jikin 'yan ɗaruruwa. Har zuwa 1961 ɗaliban ba su kai dubu ɗaya ba.

Kwame Nkrumah bai gamsu da wannan ba. Yana son injiniyoyi da likitoci da malamai da yawa, kuma da sauri, yana kuma ganin Legon ta zama wata 'yar Ingila a kan tudu, cike da masu sukar gwamnatinsa. A 1961 majalisa ta yi doka, kwalejin ta rabu da Landan ta zama Jami'ar Gana mai ba da digirin kanta, Nkrumah ya zama uban jami'a. Ya kawo Conor Cruise O'Brien, mutumin ƙasar Ailan, ya shugabance ta daga 1962.

Abu mai kyau ya fito daga wannan zamani, wato Cibiyar Nazarin Afirka, wadda Nkrumah ya buɗe da kansa a watan Oktoba 1963. Thomas Hodgkin ne darektanta na farko. A nan J. H. Kwabena Nketia ya yi aikinsa a kan kiɗan Afirka, Efua Sutherland kuma a kan wasan kwaikwayo. Ma'aikatan cibiyar, irin su Ivor Wilks, tare da malaman zango da suka san gidajen da littattafai suke, sun zaga arewacin Gana da zangogin kudu suna neman tsofaffin rubuce-rubuce na Larabci da na Hausar ajami, suna ɗaukar hotonsu suna mayar wa masu su. Cikin abin da aka tara akwai waƙoƙin Alhaji Umaru na Kete-Krachi, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934. Mai neman tarihin fataken goro da zuwan Turawa Gwanja, har yanzu yana da abin da zai karanta a Legon. A 1964 aka fara makarantar likitoci a asibitin Korle Bu. A shekarar nan kuma Kwalejin Tiriniti, inda Metodis da Firesbiteriya ke horar da fastoci, ta taso daga Kumasi ta dawo daura da jami'ar.

Amma shekarar 1964 ɗin ta zo da tashin hankali. A watan Janairu wani ɗan sanda ya harbi Nkrumah bai same shi ba, gwamnati ta shiga zargin kowa. Aka kori waɗansu malaman jami'a baƙi daga ƙasar, cikinsu har da shugaban sashen shari'a, William Harvey. Magoya bayan jam'iyya mai mulki suka shigo harabar da zanga-zanga, suka yi fashe-fashe a gidajen ɗalibai. O'Brien ya tsaya kan cewa jami'a ba reshen jam'iyya ba ce, ya bar aikin a 1965. Danquah kuwa, wanda ya yi faɗan kafa ta, a kurkukun Nsawam ya mutu a watan Fabrairu na shekarar. Bayan juyin mulkin 1966 Alexander Kwapong, ɗaya daga cikin malamanta, ya zama ɗan Gana na farko da aka tabbatar a kujerar shugabancinta.

Daga nan maganar kuɗi ta fara fitowa fili. Firayim Minista Kofi Busia, wanda shi kansa tsohon farfesa ne a Legon, ya kawo tsarin ba ɗalibai rance a 1971 maimakon kyauta. Ɗalibai suka ƙi. Da Kanar Acheampong ya kifar da shi a watan Janairu 1972, cikin abubuwan farko da ya yi har da soke rancen, ɗalibai kuwa suka yi ta yi masa tafi, har suka fita yankan rake da haƙar magudanar ruwa don shirinsa na ciyar da kai. Zumuncin bai daɗe ba. Kafin 1977 tsadar abinci ta kai intaha, kaya sun ɓace daga kantuna, ɗaliban nan dai su ne kan gaba wajen neman ya sauka. Aka yi ta rufe jami'o'i ana buɗewa, 'yan sanda na shiga harabar da kulki.

Ran 31 ga Disamba 1981 Jerry Rawlings ya karɓi mulki karo na biyu. A lokacin koko ya taru a ƙauyuka buhu kan buhu, ba hanyar fitar da shi, domin hanyoyi sun lalace, motoci kuma ba taya ba kayan gyara. Kokon da bai isa tashar jirgin ruwa ba kuwa, ba kuɗin waje ke nan. Sai aka dakatar da karatu a farkon 1982, aka tura ɗaliban jami'o'i cikin kurmi suna ɗaukar buhuna suna lodawa a mota da jirgin ƙasa, waɗansu suna cike ramukan hanya. Shekara talatin bayan buɗe Gidan Legon, magadan masu doguwar riga suka ɗauki koko a ka. Da yawansu da zuciya ɗaya suka tafi, suna ganin gyaran ƙasa ne ya zo.

Shekarar 1983 ita ce mafi muni. Fari ya zo, gobarar daji ta cinye gonaki, ga kuma 'yan Gana wajen miliyan ɗaya da Nijeriya ta koro a farkon shekarar, abin da ya bar wa jakar nan mai zane-zane sunan da ake kiranta da shi har yau. Kafin wannan, malaman Legon da yawa sun riga sun tsallaka zuwa jami'o'in Nijeriya da na waɗansu ƙasashe, domin albashin wata ba ya kai su ƙarshen mako biyu. Laburaren Balme ya kasa sayen sababbin littattafai da mujallu saboda rashin kuɗin waje. Ɗakunan gwaje-gwaje suka rasa sinadarai, famfo ya ƙafe, abincin zaure ya koma abin da ya koma. Da gwamnati ta karanta kasafin kuɗi mai tsanani a watan Afrilu, ɗalibai suka fito suna neman sojoji su sauka. Magoya bayan gwamnati suka mamaye harabar, aka rufe jami'o'in ƙasar kusan shekara guda, sai a 1984 aka koma.

Gwamnatin ta riga ta shiga yarjejeniya da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni, ra'ayin da ke tashe a can kuwa shi ne kuɗin da ake kashe wa ɗalibin jami'a ɗaya zai koyar da yaran firamare da yawa. Maganar tana da gaskiyarta, ko da yake ba a iya samun malamin firamare nagari in ba wanda ya koyar da mai koyar da shi. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnati ta janye hannu daga ciyar da ɗalibai, a 1989 kuma aka dawo da rance, wannan karo ta hannun SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata. Babban canji shi ne raba gurbin karatu da gurbin kwana. A da, in ba gado ba a ɗaukar ɗalibi. Yanzu sai a ɗauke shi ya nemi inda zai sa haƙarƙarinsa.

Ƙofa ta buɗe ke nan. Gyaran tsarin ilimi na 1987 ya rage shekarun karatu kafin jami'a daga 17 zuwa 12, sai ga 'yan tsohon tsari da 'yan sabo sun iso bakin ƙofa lokaci ɗaya a tsakiyar shekarun 1990. Dogon yajin aikin malamai na 1995 ya ƙara tara su. Jami'ar da ɗalibanta ba su kai 5,000 ba a ƙarshen shekarun 1980, kafin 2007 ta doshi 30,000. Gine-ginen kuwa kusan na da ne, sai 'yan benayen da aka ƙara wa waɗansu gidaje. Ɗakin mutum ɗaya ya zama na biyu, ya zama na huɗu da gado mai hawa biyu. Bayan waɗanda hukuma ta sani akwai 'yan raɓe, waɗanda ɗalibai ke kira da wata kalmar Turanci mai nufin saukar tsuntsu a reshe: aboki ko ɗan gari ɗaya wanda ke shimfiɗa katifa a ƙasa da dare, ya naɗe ta da asuba. Wani lokaci ɗan raɓe ma yana da nasa ɗan raɓen. Ban-ɗaki ya kasa, wayoyin lantarki suka kasa ɗaukar risho da dutsen guga na mutum shida. A manyan darussa ɗalibi kan yi sammako don ya sami kujera, wanda ya makara ya saurara ta taga. Hukuma ta fito da tsarin ba ɗalibi gado a shekararsa ta farko da ta ƙarshe, daga baya aka mai da shi shekarar farko kaɗai.

A 1997 aka yi taro a Akosombo, aka amince gwamnati ta ɗauki kashi 70 cikin ɗari na kuɗin manyan makarantu, sauran 30 a raba tsakanin makarantun, da masu taimako, da ɗalibai. Daga nan aka fara karɓar kuɗin amfani da kayan karatu da na ɗakin kwana. Da aka yi musu ƙari mai yawa a 1999, ɗalibai suka cika titunan Akara da zanga-zangar da suka kira ta matalauta, har aka rufe Legon na wani lokaci. Abin da ya biyo baya shi ne asusun GETFund na 2000, wanda ake zuba masa harajin kashi 2.5 cikin ɗari da ake ɗorawa a kan kayan masarufi. Da kuɗinsa aka gina azuzuwa da ofisoshi da dama a harabar. Bayan wata badaƙalar jarrabawa a 2005, jami'ar ta gayyato kwamitin masana daga ciki da wajen ƙasar ƙarƙashin Sir John Daniel. Rahotonsu na 2007 ya faɗi abin da kowa ya sani, cewa yawan ɗalibai ya fi ƙarfin malamai da kayan aiki.

Da zauren abinci ya mutu, sai kasuwa ta gaje shi. Akwai wurin da ake kira Bush Canteen, akwai kuma Kasuwar Dare, inda mata ke sayar da abinci har tsakar dare. Bahaushe in ya je nan ba zai yi baƙunta ba. Abincin da 'yan Gana ke kira waakye, sunansa daga wake ne, wato shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi. Tuwon zafi yana nan da sunansa, kokon gero mai yaji kuma "Hausa koko" ake ce masa, da ƙosai ake sayar da shi. Mutanen zango ne suka kawo su kudu. Arewa da jami'ar kaɗan akwai garin Madina, wanda aka kafa a ƙarshen shekarun 1950 a matsayin zango. Yanzu ya zama babban gari, ɗalibai da yawa da ba su sami gado a harabar ba a can da unguwannin kewaye suke haya, su shigo da safe a ƙananan motocin haya da ake kira trotro.

Gidajen na da ba su rasa ruhinsu ba, ko da yake wani lokaci ruhin kan wuce gona da iri. 'Yan Commonwealth, gidan da aka daɗe ana saninsa da zama na maza zalla, suna sa jajayen kaya, suna da kiɗansu da waƙoƙinsu da al'adun karɓar sababbi, tsofaffin ɗalibansa kuma suna riƙe da zumuncin har tsufa. Su ne kan gaba a yawancin zanga-zangar da aka ambata. Tsakaninsu da 'yan Mensah Sarbah akwai tsohuwar hamayya wadda ta faro kamar wasan taubasai. A watan Agusta 2022 ta zama faɗa, aka ƙona mota, aka cire mutum-mutumin Mensah Sarbah daga gaban gidansa. Hukumar jami'a ta fitar da tsofaffin ɗalibai maza daga gidajen biyu, magana ta kai kotu. A gefe guda kuma, filin wasa na Sarbah ya shahara da wani abu dabam: da dare ƙungiyoyin ɗalibai Kirista kan taru a can suna addu'a, musamman in jarrabawa ta matso. Ɗakunan sujada na gidajen sun yi wa jama'a kaɗan tun tuni, don haka ran Lahadi ikkilisiyoyin ɗalibai kan cika azuzuwa da tsofaffin zaurukan cin abinci. Akwai majami'ar Katolika, da ta Angilika, da ta haɗin ɗariƙu, akwai kuma masallaci.

Ba za a ce jami'ar ta tsaya cik ba. Cibiyar Noguchi ta binciken cututtuka, kyautar ƙasar Japan a 1979 don tunawa da likitansu da shawara ta kashe a Akara a 1928, ita ce ta ɗauki babban nauyin gwajin cutar korona a Gana a 2020. Cibiyar inganta iri ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 2007, ta horar da masana daga Nijeriya da Nijar da sauran maƙwabta a kan dawa da gero da wake da masara. Akwai gonakin bincike a Kade da Kpong da Nungua, da gidan rediyon ɗalibai tun tsakiyar shekarun 1990, da sabon asibitin jami'a a cikin harabar. A 2014 aka karkasa sassan karatu zuwa manyan kwalejoji huɗu. A 2021 Farfesa Nana Aba Appiah Amfo, masaniyar harsuna, ta zama mace ta farko da ta shugabanci jami'ar. Ɗalibai daga Nijeriya ma sun yi yawa a waɗansu shekaru, iyayensu na gudun yajin aikin gida, suna biya da dala.

Wajen kwana ma an yi gini. Tsofaffin ɗalibai sun taimaka aka gina Gidan Jubilee don cikar jami'ar shekara 50 a 1998. Hukumar SSNIT ta gina manyan benaye na haya, 'yan kasuwa suka bi sahu. Wajen 2010 zuwa 2012 jami'ar ta ci bashin banki ta gina manyan gidaje huɗu, aka sa musu sunayen Hilla Limann, ɗan arewa da ya shugabanci ƙasar daga 1979 zuwa 1981, da Kwapong, da Jean Nelson Aka, da Elizabeth Sey, mace ta farko da ta sami digiri a kwalejin. Saboda nisansu da tsakiyar harabar, ɗalibai na yi wa mazaunansu laƙabi da 'yan ƙasar waje. A cikinsu aka sauke 'yan wasa lokacin Wasannin Afirka na watan Maris 2024, sa'ad da aka ƙarasa filin wasan jami'ar da ya shekara da shekaru a yashe. Sai dai waɗannan gidaje ba irin na Balme ba ne. Ba babban tebur, ba malami mai cin abinci da ɗalibansa. Ɗaki ne da ake biya, mai kuɗi ya sami na mutum biyu, mai ƙaramin ƙarfi na mutum huɗu.

A 2017 gwamnati ta mai da karatun babbar sakandare kyauta, rukunin farko suka fito a 2020, masu neman jami'a suka ƙaru ƙwarai. Ɗaliban Jami'ar Gana yanzu sun haura 50,000 in an haɗa da masu karatu daga nesa da na harabar cikin gari, gadajen da ke Legon kuwa ba su kai rabin wannan ba. Ta intanet ake neman gado a farkon shekarar karatu. A da akan sanar da rana da sa'ar da za a buɗe shafin, sababbin ɗalibai su zauna da waya a hannu daga Wa da Bawku har Takoradi, cikin ɗan lokaci kaɗan a ce an cike. A lokacin, gadajen tsofaffin gidaje biyar ɗin nan ne ke fara ƙarewa, domin su ne mafi araha. Wanda bai samu ba sai ya zo Akara da akwatinsa da takardar shaidar an ɗauke shi, ya fara tambayar ko akwai ɗan garinsu a Akuafo ko a Madina.